Jan shafaƙin 1883: masu zane, dutsen Karakatau da takardun 'yan mulkin mallaka

A ƙarshen watan Nuwamba na 1883 akwai wani Bature mai zane, William Ascroft, da ya mayar da bakin kogin Thames a unguwar Chelsea ta Landan wurin zamansa na yamma. Da rana ta yi gora sai ya fito da takarda da alli mai launi. Ya dubi sama, ya zana cikin gaggawa, ya rubuta ƙarfe nawa ne a gefen takardar, ya ja wata. Launin ba ya jiran kowa, kafin ka gama shafa ruwan ɗorawa ya koma ja, kafin ka gama jan ya koma kamar garwashin da ya fara mutuwa. Haka ya yi ta yi har ya tara zane sama da 500. A cikin wannan wata ne kuma 'yan kwana-kwana suka fito a guje a wasu garuruwan Amurka, ciki har da Poughkeepsie da New Haven, suna neman gobarar da ta haska yammacin gari. Ba su sami komai ba. Sama ce kawai ta yi ja.

Wutar da suke nema ta riga ta ci ta cinye wata uku kafin nan, a wani ɗan tsibiri mai suna Karakatau da ke mashigin ruwan Sunda, tsakanin Jawa da Sumatara, a ƙasar da yau ake kira Indunusiya. A lokacin Turawan Holan ne ke mulkinta. Dutsen ya fara gurnani tun 20 ga Mayu, mutane har sun saba da hayaƙinsa. Ranar Litinin 27 ga Agusta, jim kaɗan bayan ƙarfe goma na safe, ya yi fashewar da ta haɗiye kusan kashi biyu cikin uku na tsibirin. An ji ƙarar a tsibirin Rodrigues da ke tekun Indiya, tazarar kusan kilomita 4,800, inda shugaban 'yan sanda ya rubuta a littafinsa cewa ya ji kamar ana harba manyan bindigogi daga gabas. A Batabiya, wato Jakarta ta yau, allurar ma'aunin matsin iska a masana'antar gas ta yi tsalle ta wuce iyakar takardar da take zane a kai. Girgizar iskar ta yi ta kewaya duniya, na'urorin auna iska a birane da dama suka kama wucewarta har sau bakwai cikin kwana biyar.

Wannan labari ya daɗe a hannun masana duwatsu da masana tarihi. Abin da ya ƙaru a 'yan shekarun nan shi ne shigowar masu fasaha: masu ɗaukar hoto, masu shirya fim, masu aiki da sauti, masu zanen gine-gine. Aikinsu bincike ne kamar na kowane ɗalibin ilimi, suna shiga rumbunan adana takardu, suna hawan dutsen da ƙafarsu, suna zama da mutanen wurin. Bambancin shi ne abin da suke fitarwa ba lallai ya zama kundin digiri ba. Yana iya zama baje koli, ko fim, ko ɗaki guda da aka cika da tsofaffin taswirori da muryoyi. Kuma tambayar da suka fi yi ba ta tsaya kan me ya faru ba. Sun fi damuwa da wane ne ya gani, a ina yake tsaye, da wane alƙalami ya rubuta, wa ya biya kuɗin takardar. Tambaya ce da mai zane ya fi kowa saninta, domin shi ya san cewa kowane hoto yana da gefe, kuma abin da ke bayan gefen nan wani ne ya yanke shawarar barinsa a waje.

Sai an fara fahimtar dalilin jan saman kafin a gane darajar aikin Ascroft. Dutse mai aman wuta ba toka kaɗai yake fitarwa ba. Yana fitar da hayaƙin farar wuta, idan fashewar ta yi ƙarfi kuma sai ta cilla shi can sama da gajimare, inda babu ruwan saman da zai wanke shi. A can yake haɗuwa da laima ya zama ƙananan ɗigo da ido ba ya gani, iska ta shimfiɗa su kamar mayafi. Na Karakatau ya kewaye duniya ta tsakiyarta cikin kusan mako biyu, har mutanen Siri Lanka da kudancin Indiya suka ga rana ta koma koriya, daga baya ya bazu kudu da arewa. Mu da muka tashi cikin hunturu mun san abin da ƙura ke yi wa rana. Hazo yakan mayar da ita kamar faifan azurfa, ka dube ta ido cikin ido ba ta yi maka komai ba. Amma ƙurar hunturu tana ƙasa-ƙasa kuma tana da kauri, shi ya sa take dusashe launi. Wancan mayafin kuwa yana da nisa sosai, saboda haka rana takan ci gaba da haska shi bayan ta faɗi. Shafaƙin da muka saba gani yana ɓacewa a kira isha'i sai ya daɗe yana ci kamar ba zai mutu ba.

Ƙungiyar masana ta Royal Society a Landan ta kafa kwamiti, ta roƙi jama'a ta jarida su aiko da abin da suka gani. Wasiƙu suka yi ta zuwa daga matuƙan jiragen ruwa, limaman coci, ma'aikatan gwamnati a ƙasashen da Ingila ke mulka. A 1888 aka buga rahoton, kusan shafi 500, kuma zanen Ascroft guda shida ne aka sa a gabansa. Mafi yawan shafukan a kan sama suke: launin magariba, zoben da ya kewaye rana, ranar da aka fara ganin abin a kowane gari. Daga nan masana suka fara gane cewa akwai iska mai gudu can sama da ke bin hanyarta daban. Mai zane a nan ma'auni ne, domin kyamarar zamanin ba ta ɗaukar launi.

Wannan tunani ya sake dawowa bayan shekaru fiye da ɗari. A 2007 wani masanin yanayi ɗan Girka, Christos Zerefos, da abokan aikinsa sun duba ɗaruruwan zanen faɗuwar rana da aka yi tsakanin 1500 da 1900, suka auna yawan ja a kan kore a kowanne. Suka ga zanen da aka yi cikin shekaru uku bayan wani babban aman wuta sun fi ja. Don su gwada ko idon mai zane abin dogaro ne, sai suka sa wani dattijon mai zane, Panayiotis Tetsis, ya zana magariba a tsibirin Hydra a 2010, a kwanakin da ƙurar Sahara ta ratsa sararin Girka, ba tare da sun gaya masa ba. Launin da ya zaɓa ya yi daidai da abin da na'urorinsu suka auna. Ƙurarmu ce ta je can ta yi wa mai zane jarrabawa.

Ni dai ina karɓar wannan da hannu ɗaya. Fenti yana tsufa, man da ake shafa wa zane yana komawa ruwan ƙasa, kuma kowane zamani yana da yayinsa na launi. Ana yawan cewa jan saman da ke cikin shahararren zanen nan na Edvard Munch, na mutumin da ya riƙe kai yana kururuwa, Karakatau ne. Wasu masana taurari na Amurka ne suka kawo wannan ra'ayi, amma an yi zanen a 1893, shekara goma bayan fashewar, wasu kuma sun ce wani irin gajimare ne da ake gani a Nowe lokacin sanyi. Labarin yana da daɗi a baki, shi ya sa yake yawo.

Inda maganar take da nauyi shi ne idan aka juya baya ga sama aka dubi ƙasa. Gwamnatin Holan ta ce mutum 36,417 suka mutu, ƙauyuka da garuruwa 165 suka shafe. Mafi yawansu ba wuta ce ta kashe su ba, teku ce. Igiyar ruwa da ta kai tsayin mita 30 a wasu wurare ta hau gaɓar Jawa da ta Sumatara, ta share Anyer da Merak da Teluk Betung. Akwai jirgin gwamnati mai suna Berouw da ruwan ya ɗauka daga tasha ya kai shi kusan kilomita uku cikin daji, ya ajiye shi a kwarin wani rafi, ma'aikatansa duka suka halaka. An zana wannan jirgi, an buga shi a jaridun Turai, an san sunansa har yau. Cikin mutum dubu talatin da shidan nan kuwa, Turawa 37 ne. Duk da haka idan ka karanta labaran da aka fi maimaitawa, muryoyin da za ka ji na kyaftin ɗin jiragen ruwa ne, da ma'aikatan gidan waya, da matar wani jami'in Holan a Ketimbang, Johanna Beyerinck, wadda ta ba da labarin yadda toka mai zafi ta ƙona su a wata bukka a kan tudu, jaririnta ya rasu. Labarinta abin tausayi ne ƙwarai. Amma a kewayen bukkar nan akwai dubban mutanen ƙasa da suka gudo tare da su, da yawansu suka ƙone, kuma a takarda sun shigo ne a matsayin jimilla.

Injiniyan ma'adinai Rogier Verbeek, wanda gwamnati ta tura, ya yi aiki na gani na faɗa. Ya auna zurfin teku, ya auna kaurin toka, ya fitar da taswirori, har yau masana suna komawa ga rahotonsa. Ba ƙarya ya yi ba, ba kuma mugunta ba. An aike shi ya auna dutse, ya auna dutse. Gwamnatin da ta aike shi tana bukatar sanin ko jiragen kasuwanci za su iya sake bi ta mashigin Sunda, wace fitilar teku ce ta faɗi, wace gunduma ce ba za ta iya biyan haraji ba. Rumbun takardun mulkin mallaka haka yake a ko'ina, duk wanda ya taɓa buɗe rahoton wani Di'o a kan wata gunduma ta ƙasar Hausa ya san kamanninsa: adadin shanu daidai, adadin baligai daidai, sunan mutum kuwa sai in hakimi ne ko mai laifi.

Sai dai akwai wanda ya rubuta daga ɗaya ɓangaren, kuma a nan ne Bahaushe zai ji abin ya zo kusa da gida. Wani mutum mai suna Muhammad Saleh, wanda ya ce ya ga bala'in a yankin Lampung na kudancin Sumatara, ya tsira ya isa Singafo, ya zauna ya tsara waƙa cikin harshen Malay. Sunanta Syair Lampung Karam, wato waƙar nutsewar Lampung. Baiti sama da 370, kowanne ɗango huɗu. Da haruffan Larabci ya rubuta ta, irin rubutun da su suke kira Jawi, mu muke kira ajami. An buga ta a Singafo 'yan watanni bayan fashewar, aka sake bugawa har bugun ya kai huɗu zuwa 1888, alamar cewa mutane sun saye ta sun karanta wa juna. A cikinta akwai abin da ma'aunin iska ba ya kamawa: gawawwaki a kan ruwa, iyaye suna neman 'ya'ya, mutanen da suka taimaki baƙi, da ɓarayin da suka bi kayan matattu suna kwasa. Akwai kuma wa'azi, kamar yadda malamanmu suka saba idan sun yi waƙar yunwa ko ta annoba.

Daga nan waƙar ta yi ɓatan dabo fiye da shekara 120. Ba ƙone ta aka yi ba, ba haramta ta aka yi ba. Tana kwance a ɗakunan karatu na Holan da Ingila da Jamus da Rasha da Malesiya da Indunusiya, an ba ta lamba, an jera ta a kanta. Masu rubuta tarihin Karakatau ba sa karanta Jawi, masu karanta Jawi kuma ba su ɗauki waƙar kasuwa a matsayin shaida ba. Sai da wani masanin adabi ɗan Indunusiya da ke Jami'ar Leiden, Suryadi, ya bi sawun kwafe-kwafenta ya haɗa su, sannan aka fassara ta zuwa Ingilishi a 2014. Abin da nake so mai karatu ya lura da shi shi ne cewa shirun ba na rashin masu magana ba ne. An yi maganar, an ma buga ta. Kunnen da ke da iko ne bai iya harshen ba.

Me ma ya kai Turawa gindin waɗannan duwatsu tun farko? Amsar tana cikin tokar. Ƙasar da dutse ya yi wa amai takan zama mai albarka bayan shekaru, shi ya sa Jawa ta cika da mutane da shinkafa. Daga 1830 zuwa wajen 1870 Holan ta ɗora wa manoman tsibirin tsarin noman dole: kowane ƙauye ya ware wani kaso na gonakinsa ko na kwanakin aikinsa ya noma wa gwamnati kofi da rake da baba, wato shunin da marinanmu suka sani. A wasu shekaru ribar wannan tsari ta kai kusan sulusin kuɗin shigar gwamnatin Holan. Saboda haka sanin duwatsun ba sha'awa kaɗai ba ne. Franz Junghuhn, likita haifaffen Jamus da ya shiga aikin sojan Holan, ya hau duwatsun Jawa fiye da arba'in a shekarun 1830 da na 1840, ya zana bakunansu, ya raba tsirrai gwargwadon tsayin wurin da suke fitowa. Wannan rabon shi ne ya nuna a wane tudu kofi zai yi, a wane shayi zai yi. Daga baya shi aka ɗora a kan gonakin itacen da ake samun kwinin daga ɓawonsa, maganin zazzaɓin da ya sauƙaƙa wa Turawa zama a ƙasashe masu sauro irin namu. Kyakkyawan zanen dutse da lissafin gandun gwamnati daga jaka ɗaya suka fito.

A 2016 an yi wani baje koli a Montreal ta Kanada mai suna 17 Volcanoes, inda wata tawagar masana gine-gine da masu ɗaukar hoto, ciki har da Armin Linke da Bas Princen, suka bi sawun Junghuhn zuwa duwatsu goma sha bakwai, suka jera hotunansu kusa da zanensa. Irin wannan aiki yana da amfani, yana kuma da tarkonsa. Wanda ya bi sawun mutum yakan tsaya inda ya tsaya, ya ga abin da ya gani. Junghuhn bai hau ko dutse ɗaya shi kaɗai ba, akwai 'yan dako da masu nuna hanya da suka san kowane lungu tun kafin a haife shi, suna kuma da sunaye da al'adu game da duwatsun. Mai binciken da ya dawo da hoto mai ban sha'awa kaɗai ya ƙara wa rumbun ado ne, bai tambaye shi komai ba. Kyau yana da wannan hali, yakan haɗiye gawa. Ko a ƙarni na 19 an sami ɗan ƙasa da ya zana dutsen da idonsa: Raden Saleh, Bajawe da ya yi shekaru yana koyon zane a Turai, ya zana aman wutar dutsen Merapi na Jawa na 1865, da rana da kuma da dare. Amma salon Turai ya yi amfani da shi, kuma har yau ana muhawara kan wane ido ne ke kallo ta cikin zanensa.

A nahiyarmu ma an ga yadda dutse ke taɓa kujerar mulki. A 1909 dutsen Kamaru ya yi amai, Jamusawa suka tattara ofisoshinsu daga Buea, inda suka kafa hedikwata don sanyin wurin, suka koma Duwala na ɗan lokaci.

Akwai jarabar a ɗora wa dutse komai, ita ma sai an yi hattara da ita. A watan Yulin 1888, shekara biyar bayan Karakatau, manoman yankin Banten da ke yammacin Jawa suka yi bore a garin Cilegon, a gaɓar da igiyar ruwan ta fi ɓarna. Malamai da alhazai ne suka jagorance su, da yawansu 'yan ɗariƙar da ta haɗa Ƙadiriyya da Naƙshabandiyya, fitacce cikinsu Haji Wasid. Sun kashe jami'an gwamnati, soja suka zo suka murƙushe su cikin 'yan makonni, aka rataye wasu, aka kori sama da mutum 90 zuwa tsibirai masu nisa. Wasu marubutan Turai suna son su ce dutsen ne ya haifi boren, wai mutane sun ɗauki bala'in alamar tashin ƙiyama. Ba shakka akwai wannan a ciki. Amma masanin tarihi Sartono Kartodirdjo, ɗan ƙasar, wanda ya yi wa boren nazari mai zurfi, ya nuna tushensa ya fi haka tsawo: an rushe sarautar Banten tun farkon ƙarnin, annobar dabbobi ta cinye ɓaunar noma a wajen 1880, zazzaɓi ya biyo baya, haraji bai sassauta ba. Wanda ya san labarin Satiru na 1906 zai gane wannan haɗin na talauci da haraji da jiran Mahadi. In aka ce dutse ne ya jawo, an wanke gwamna ke nan.

Karakatau ma ya yi sa'a, ya fashe a zamanin wayar tangaraho, labarinsa ya isa Turai cikin sa'o'i. Wanda ya fi shi girma nesa ba kusa ba shi ne Tambora, a tsibirin Sumbawa, a watan Afrilun 1815. A lokacin Ingila ce ke riƙe da Jawa na ɗan lokaci, Stamford Raffles ne gwamna. Da aka ji ƙarar, an zaci igwa ce, har aka fitar da soja daga Yogyakarta neman abokan gaba. Dutsen da ake ƙiyasta tsayinsa ya kai mita 4,300 ya koma 2,850. Mutum aƙalla 71,000 suka mutu, mafi yawa saboda yunwa da cutar da suka biyo baya, har wasu suka sayar da kansu bayi don su sami abinci. Turai ta san abin ne da sunan shekarar da ba a yi bazara ba, 1816, lokacin da amfanin gona ya lalace, farashin hatsi ya tashi, kuma ba wanda ya haɗa wannan da wani dutse a Sumbawa sai bayan kusan ƙarni guda. Fadar Bima da ke maƙwabtaka ta rubuta a littafin tarihinta cewa an yi ruwan toka. Masarautu biyu, Tambora da Pekat, ba su rubuta komai ba, domin kusan ba wanda ya saura. A 2004 masu tono suka gano wani gida a ƙarƙashin toka mai kaurin kusan mita uku, da tukwane, da gawa biyu da suka koma gawayi.

Mutanen Tambora suna da harshensu, wanda bai yi kama da na maƙwabtansu ba. Abin da ya rage daga gare shi jerin kalmomi ne da ba su kai hamsin ba, wanda ma'aikatan Raffles suka tattara kafin fashewar, aka buga a littafinsa na tarihin Jawa a 1817. Ba don wannan sha'awa ta mai mulki ta jera komai a kan layi ba, da ko wannan babu. A cikin jerin, ruwa naino ne, wuta kuma maing'aing. Da kunnen Bature aka ji su, da haruffan Bature aka rubuta su, kuma mai binciken da zai so ya sa su a faifai a ɗakin baje koli dole ya nemi wanda zai karanta su da ka, tun da babu mai gyara masa.